Labarin Amos Alonzo Stagg, Tsohon Malamin Ƙwallo na Ƙasar Amurka

A cikin mutanen da suka yi suna a manyan makarantun ƙasar Amurka, da wuya a sami wanda ya daɗe a bakin aiki ɗaya kamar Amos Alonzo Stagg. An haife shi ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, zamanin Shugaba Abraham Lincoln, ya kuwa rayu har ya cika shekara 102. Wajen shekara 70 daga cikinsu ya yi su ne a filin wasa, yana koya wa samari ƙwallo. Ga labarinsa nan mun kawo wa masu karatu, da abin da ya samu, da abin da ya kuɓuce masa, da kuma inda mutane suka saɓa a kansa.

Irin wasan da a ke magana

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san irin ƙwallon da mu ke nufi, gama ta bambanta da tamaular da aka saba gani. Ƙwallon Amurkawa doguwa ce mai tsini biyu, kamar 'yar gwanda. Kowane gefe mutum 11 ne. Da hannu a kan ɗauke ta a sheƙa da gudu, abokan karawa kuwa su tare mutum su kā da shi ƙasa kamar a kokawa. Abin da a ke nema shi ne a ƙetare layin ƙarshe na abokan karawa da ƙwallon a hannu, ko kuwa a buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna biyu. A kan ba kowane gefe 'yan zarafi ƙididdigaggu su ci gaba da yadi kaza, in sun kasa sai ƙwallo ta koma hannun ɗaya gefen.

Makarantun Rutgers da Princeton su ne suka fara karawa tsakanin kwaleji da kwaleji, a cikin watan Nuwamba 1869, amma wasan da suka yi ya fi kama da tamaula. Daga baya aka ɗauko dokokin zari-ruga na Ingila, sa'an nan wani mutumin Jami'ar Yale, Walter Camp, ya yi ta gyara su daga 1880 har wasan ya zama na Amurkawa na kansu. A hannun wannan Camp ɗin Stagg ya koyi sana'arsa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Stagg ran 16 ga Agusta 1862 a garin West Orange, cikin jihar Niyu Jasi. Ubansa baduku ne mai gyaran takalma, in aiki ya yi ƙaranci kuma ya yi ƙodago. 'Ya'ya takwas gare shi, Stagg shi ne na biyar. Gida ne na talakawa, saboda haka tun yana yaro ya saba da aikin ƙarfi, da shi kuma ya riƙa biya wa kansa kuɗin makaranta. Wannan ya sa karatunsa ya yi jinkiri. Ya shiga makarantar Phillips Exeter don ya shirya wa jami'a, inda ya zauna cikin ƙunci ƙwarai, abincinsa bai wuce busasshen burodi da abin da ya sawwaƙa ba. Sai a 1884 ya sami shiga Yale, yana da shekara 22, lokacin da tsararrakinsa ke gama karatu.

Niyyarsa duka a kan wa'azi ta ke. Tun yana saurayi ya riƙe addinin Kirista da gaske, ya ƙudura a ransa zai zama limamin coci. Amma abin da ya fara fid da sunansa a Yale shi ne wasan besbol, watau wasan da mutum ɗaya ke jifa da ƙaramar ƙwallo, wani kuma ya tare ta da kulki. Stagg shi ne mai jifa, hannunsa kuwa ba dama. Shekara biyar a jere Yale na cinye sauran makarantu yana jifa musu. A wata karawa da Princeton cikin 1888 ya fid da masu kulki 20 shi kaɗai.

Da ƙungiyoyin da ke wasa don kuɗi suka ga haka, sai suka yi ta zawarcinsa, har guda shida suka neme shi, da albashin da ubansa bai taɓa riƙe irinsa ba. Duk ya ƙi. Dalilinsa kuwa shi ne, a ganinsa wasa abin gyaran jiki ne da hali, in aka mai da shi sana'a sai caca da shaye-shaye su biyo baya, kamar yadda ya ga suna bin 'yan besbol na zamanin. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama a kan wannan ra'ayi ya tsaya har mutuwarsa, a kansa kuma aka fi gwada shi.

A ƙwallo ma bai zama baya ba. Yana cikin ƙungiyar Yale ta 1888 wadda Walter Camp ya koyar, wadda ta yi wasa 13 ta cinye duka, ta tara maki kusan 700, ba wanda ya ci ta ko ɗaya. Da aka fara zaɓen gwanayen ƙasa duka a 1889, mutum 11, Stagg na cikinsu. A wannan lokaci ne kuma ya naɗe katifa ya rataye ta a ɗakin motsa jiki, don yara su koyi kā da mutum ba tare da sun ji wa juna ciwo ba. Har yanzu ana amfani da irin wannan abu a filayen koyon ƙwallo.

Yadda ya bar wa'azi

Bayan ya sami digirinsa a 1888, sai ya zauna a Yale yana karatun addini. Nan fa ya gane wani abu game da kansa wanda bai yi masa daɗi ba. In ya tashi gaban jama'a zai yi magana, sai harshensa ya yi nauyi, abin da ke zuciyarsa ya ƙi fitowa yadda ya ke so. Mutum ne mai faɗa wa kansa gaskiya, ya san mai wa'azin da ba ya iya magana kamar maƙeri ne ba guduma. Ya yi ta tunani, daga ƙarshe ya yanke shawara cewa abin da ya kasa yi a kan mumbari zai yi shi a filin wasa, watau ya tarbiyyantar da samari ta wurin abin da ya iya.

Saboda haka a 1890 ya tafi garin Springfield, makarantar da Ƙungiyar Samarin Kirista, wadda a ke kira YMCA, ta kafa don koyar da malaman motsa jiki. Ɗalibai kaɗan ne a wurin, amma ya haɗa ƙungiyar ƙwallo daga cikinsu, ya koyar da su kaka biyu, suna karawa da manyan makarantu ba su ji kunya ba. A cikin 'yan wasansa akwai wani mutumin Kanada, James Naismith, wanda ya ƙago ƙwallon kwando a wannan makaranta cikin Disamba 1891. Da aka yi wasan kwando na fari a gaban jama'a, cikin Maris 1892, malamai suka kara da ɗalibai. Ɗalibai suka ci 5, malamai 1, wannan ɗayan kuwa Stagg ne ya jefa.

Zuwansa Shikago

Ana nan sai attajirin nan John D. Rockefeller, mai arzikin man fetur, ya ba da dukiya aka kafa sabuwar jami'a a birnin Shikago. Wanda aka naɗa shugabanta na fari shi ne William Rainey Harper, malamin da ya koya wa Stagg Littafi Mai Tsarki a Yale. Harper mutum ne mai hangen nesa da son abu ya yi sauri. Ya san sabuwar makaranta ba ta da tsofaffin ɗalibai masu yayata sunanta, ya kuma san ba abin da ke sa sunan makaranta a jarida kowane mako kamar ƙungiyar ƙwallo mai cin nasara. Sai ya aika aka kira Stagg.

Ana ba da labari cewa da suka zauna, Harper ya yi masa tayin dala 1,500 a shekara. Stagg ya yi shiru yana tunani. Harper ya zaci raini ne, ya ƙara zuwa 2,000. Stagg bai ce kome ba, don shi mai jinkirin magana ne. Harper ya kai 2,500, ya haɗa masa da muƙami a cikin manyan malaman jami'a, na din-din-din. Ashe nauyin bakin da ya hana shi wa'azi shi ya yi masa ciniki. Wannan muƙami kuwa babban abu ne, domin a lokacin malamin ƙwallo ɗan haya ne, ɗalibai su kan ɗauko shi kaka ɗaya su sallame shi. Stagg na cikin na farkon da aka ɗauka a matsayin cikakken ma'aikacin jami'a, aka danƙa masa sashen motsa jiki gaba ɗaya.

Jami'a ta buɗe a cikin Oktoba 1892. Waɗanda suka fito neman shiga ƙungiya 'yan kaɗan ne, waɗansu ma ba su taɓa riƙe ƙwallo ba, har ya zama tilas malamin da kansa ya sa riga ya shiga wasa a wannan shekara. Wani attajirin birnin, Marshall Field, ya ba su aron fili, ɗalibai da malaminsu suka kewaye shi da katako. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta yi ƙarfi. A ƙarshen 1894 Stagg ya ɗebi yaransa a jirgin ƙasa, suka ƙetare ƙasar har Kalifoniya, tafiyar da ba a saba yi don wasa ba. Ran Kirsimeti suka kara da Jami'ar Stanford, wadda tsohon malaminsa Walter Camp ke koyarwa, suka ci ta 24 da 4. Da aka sake karawa bayan 'yan kwanaki Stanford ta rama.

A cikin wannan shekara ta 1894 ya auri Stella Robertson, ɗaliba a jami'ar. Suka haifi 'ya'ya uku, Amos ƙarami, da Ruth, da Paul, mazan biyu duk suka gaji ubansu a sana'a. Ita Stella ba zaman gida kaɗai ta yi ba. Ta koyi wasan har ta ƙware, ta kan zauna a wurin 'yan jarida da takarda da fensir tana rubuta yadda kowane wasa ya gudana, ta kan kuma je ta dubo masa yadda abokan karawa ke wasa. Shekara 70 suka yi tare, saura kaɗan.

Dabarunsa da halinsa

Sa'ad da Stagg ya fara koyarwa, wasan yawancinsa ture ne da danniya. A kan dunƙule wuri ɗaya a auka wa abokan karawa, mai nauyi ya rinjayi marar nauyi. Shi kuwa da ya ke sau da yawa yaransa ba su kai na waɗansu girma ba, sai ya koma ga dabara. Ya kan sa ɗan wasa ya fara gudu a gicciye tun ba a saki ƙwallo ba, ya kan sa a miƙa ta gefe daga hannu zuwa hannu, ya kan sa 'yan wasa su sauya tsayuwa farat ɗaya don abokan karawa su ruɗe. Dabaru da yawa a ke danganta masa. Waɗansu lalle nasa ne, waɗansu kuwa akwai masu jayayya, domin a zamanin malamai da yawa suna gwaje-gwaje lokaci ɗaya, kowa na leƙen na wani. Tun 1893 shi da abokinsa Henry L. Williams suka wallafa littafi mai zane-zane na yadda a ke tsara wasa, yana cikin na farkon irinsa. Ya kuma kafa al'adar ba wa wanda ya yi wa makaranta wasa harafin farko na sunanta, ya ɗinka a rigarsa don girmamawa.

Ba ƙwallo kaɗai ya koyar ba. Ya riƙe besbol shekaru da yawa, ya riƙe guje-guje da tsalle-tsalle fiye da shekara 30, yana kuma cikin malaman da suka raka 'yan gudun Amurka zuwa wasannin Olimfik na birnin Paris a 1924. Ya kawo ƙwallon kwando Shikago, a 1896 kuma Shikago da Iowa suka yi karawar da a ke lissafawa ta farko tsakanin kwalejoji da mutum biyar-biyar, yadda a ke yi har yau.

Game da halinsa, abokai da abokan hamayya duk sun yi ittifaƙi. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba a kuma taɓa jin ashar a bakinsa ba. In yaro ya ɓata masa rai ƙwarai, iyakar zaginsa ya kira shi jaki. Ya hana yaransa abin da ya hana kansa, wanda ya karya doka kuwa ya kan ajiye shi ko da shi ne gwanin ƙungiya. Ba shi da tsawo, amma ƙaƙƙarfa ne, ya kan yi gudu da wasan tanis har cikin tsufansa.

Shekarar 1905

A 1896 manyan jami'o'i bakwai na wannan yanki suka haɗa kai suka kafa majalisar shirya wasanni, wadda daga baya aka sani da sunan Manya Goma. Shikago na cikin waɗanda suka kafa ta, ta kuma zama zakara a 1899. Amma daga 1901 sai Jami'ar Mishigan ta sami wani malami, Fielding Yost, wanda ƙungiyarsa ta gagari kowa. Wasa 56 suka yi a jere ba a ci su ba, Shikago ma ta sha kashi a hannunsu shekara huɗu.

Ran 30 ga Nuwamba 1905 aka haɗu a filin Shikago, cikin sanyi mai tsanani, mutane fiye da 25,000 suna kallo. A wannan kaka Mishigan ta riga ta tara maki 495, ba wanda ya ci ta ko ɗaya. Aka yi ta gwabzawa, ba mai iya ƙetare layin wani. Gwanin Shikago, Walter Eckersall, ɗan ƙaramin mutum mai saurin tsiya, ya yi ta buga ƙwallo nesa yana mai da Mishigan baya. Can wajen ƙarshe ya buga wata ta faɗa bayan layin Mishigan. Wani yaronsu ya cafe, maimakon ya durƙusa a nan a sake farawa, sai ya yi ƙoƙarin fitowa da gudu. 'Yan Shikago suka tare shi suka jefa shi baya cikin gidansu. A dokar wasan wannan maki 2 ne. Da su aka tashi, Shikago 2, Mishigan ba ko ɗaya. Shikago ta gama kakar ba a ci ta ba, aka lissafa ta zakarar ƙasa duka. Harper kuwa yana kwance ba lafiya a lokacin, ya rasu a cikin Janairu 1906.

Amma wannan shekara ta daɗi ga Stagg baƙar shekara ce ga wasan kansa. Samari wajen 18 suka mutu a filayen ƙwallo a kaka ɗaya, waɗanda suka karye kuwa sun fi ɗari. Jaridu suka yi ca, iyaye suka tsorata. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa cikin Oktoba, ya matsa musu su gyara. Jami'ar Columbia ta soke wasan, Stanford da Kalifoniya suka koma zari-ruga. A ƙarshen Disamba makarantu fiye da 60 suka taru a Niyu Yok, daga taron nan kuma aka sami ƙungiyar da ke kula da wasannin kwalejojin Amurka, wadda tun 1910 a ke kira NCAA.

Stagg yana cikin kwamitin dokoki a lokacin. Gyaran da aka yi a 1906 ya sauya wasan ƙwarai. Aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu, abin da dā haramun ne, aka kuma mai da yadin da a ke bukata daga 5 zuwa 10, don ture kaɗai ya daina isa. Malamai da yawa suka ƙi jifar, suna ganin kasada ce. Stagg kuwa ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya zauna ya tsara hanyoyinta iri-iri. Ya ci amfaninta, domin Shikago ta sake zama zakara a 1907 da 1908, sa'an nan a 1913 ta gama kaka ba a ci ta ba. A wannan shekara aka sa wa filin jami'ar sunansa.

Inda aka saɓa a kansa

Ba a yi wa mutum adalci in aka faɗi alherinsa kaɗai. Stagg ya yi ta wa'azin cewa wasa na ɗalibai ne, ba na kuɗi ba, da ƙungiyoyin ƙwallo na haya suka yaɗu bayan 1920 kuma ya yi gāba da su ƙwarai. Amma ƙwallon da ya ke koyarwa ita kanta ta zama babbar kasuwa. Dubban mutane ke biyan kuɗin ƙofa, jami'a na samun suna da dukiya, malami na karɓar albashi, ɗan wasa kaɗai ne ba ya karɓar kome. Don a ci gaba da cin nasara kuwa tilas a nemo gwanaye. Stagg ya kan shirya gasar 'yan makarantun sakandare a filin jami'a, ta haka ya ke ganin yara masu hazaƙa tun ba su gama ba.

Masu binciken tarihi da suka duba takardun jami'ar daga baya sun nuna cewa a zamanin Harper an kau da kai ga raunin karatun waɗansu 'yan wasa. Babban misali shi ne Eckersall. Kaka huɗu ya yi yana wasa alhali karatunsa ya yi baya ƙwarai, da ya gama wasansa na ƙarshe a 1906 kuwa ba a jima ba aka sallame shi, bai sami digiri ba. Masu kāre Stagg suna cewa shi bai sayi ɗan wasa da kuɗi ba, ɗaruruwan yaransa kuma sun zama likitoci da lauyoyi da malamai, suna girmama shi kamar uba. Masu suka suna cewa ya gina kasuwar da ya ke zagi. Kowane ɓangare yana da hujja, gardamar kuwa ba ta mutu da shi ba. Shekaru fiye da 50 bayan rasuwarsa aka yi ta shari'a a Amurka a kan hakkin ɗalibai 'yan wasa, har a 2021 aka yarda su sami kuɗi da sunansu.

Faɗuwar Shikago

Ya sake cin gasar Manya Goma a 1922 da 1924, ya cika bakwai ke nan. A 1924 ne yaransa suka yi kunnen doki, 21 da 21, da Jami'ar Illinois mai gwanin nan Red Grange. Daga nan sai rana ta fara yi masa yamma. Jami'o'in gwamnatocin jihohi suka cika da ɗalibai, suka gina filaye masu cin mutum dubu hamsin da ɗoriya. Shikago kuwa ta tsananta sharuɗɗan shiga da na jarrabawa, ta fi mai da hankali ga bincike mai zurfi, samarin da za a zaɓa daga cikinsu suka ragu. Shekara bayan shekara ana cin ƙungiyar Stagg, waɗansu suka fara cewa tsufa ne.

A 1929 aka naɗa Robert Maynard Hutchins shugaban jami'a, yana da shekara 30. Shi a ganinsa jami'a wurin ilmi ce, hayaniyar ƙwallo kuwa ta janye hankalin mutane daga abin da aka kafa ta dominsa. Da Stagg ya cika shekara 70 a 1932, aka ce dokar murabus ta hau kansa. Aka yi masa tayin wani muƙami na girmamawa mai albashi, wanda ba ya bukatar ya taka fili. Ya ƙi, don yana ganin da sauran ƙarfinsa, karɓar albashi ba aiki kuwa ba halinsa ba ne. Ya bar Shikago bayan kaka 41, ya ci wasa fiye da 220 a cikinsu.

Tafiyarsa ba ta gyara kome ba. A 1939 Mishigan ta ci Shikago 85 ba ko ɗaya, a ƙarshen shekarar Hutchins ya soke ƙwallo daga jami'ar, sai bayan shekara 30 aka mai da ita, a ƙaramin matsayi. Filin da ke ɗauke da sunan Stagg ya zama kango. A ƙarƙashin benen 'yan kallo na yamma ne masanin nan Enrico Fermi da abokan aikinsa suka gina tukunyar atam ta farko a duniya, suka tashe ta ran 2 ga Disamba 1942.

Aikinsa bayan murabus

A 1933 Stagg da matarsa suka ƙaura zuwa garin Stockton na Kalifoniya, ya kama aiki a Kwalejin Pacific, 'yar ƙaramar makaranta wadda ba ta da suna a ƙwallo. Ya fara daga tushe kamar yadda ya yi a 1892. A 1938 ya kawo yaransa Shikago, suka ci tsohuwar makarantarsa 32 ba ko ɗaya, a filin da ke da sunansa. A 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka turo samarin sojan ruwa karatu a kwalejin, ya haɗa ƙungiya da su, ta ci wasa 7 cikin 9, har da manyan jami'o'in Kalifoniya biyu. Malaman ƙwallo na ƙasar suka zaɓe shi gwanin shekara, yana da shekara 81.

Bayan kakar 1946 Pacific ma ta nemi ya koma gefe ya zama mai ba da shawara. Ya sake ƙi. Ya tafi Jami'ar Susquehanna a jihar Pensilbaniya, inda babban ɗansa ke koyarwa, suka riƙe ƙungiya tare kaka shida, a 1951 ma ba a ci su ba ko sau ɗaya. Abin da makarantu biyu suka kasa sa shi, rashin lafiyar matarsa ya sa shi. Bayan 1952 ya koma Stockton don ya zauna kusa da ita. Duk da haka ya riƙa zuwa wata ƙaramar kwaleji ta garin yana koya wa yara bugun ƙwallo da ƙafa, har ya haura shekara 95. Maƙwabta kuwa su kan gan shi yana yanke ciyawar ƙofar gidansa da kansa.

A kaka 57 da ya yi yana shugaban masu koyarwa, ya ci wasa 314, aka ci shi 199, aka yi kunnen doki 35. Ba a sa na Susquehanna a ciki ba, don a lissafin hukuma na ɗansa ne. Wannan adadi na 314 shi aka ɗauka a kan gaba har 1981, sa'ad da Paul Bryant na Jami'ar Alabama ya wuce shi. A 1951 aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwaleji ta fuska biyu, ɗan wasa da malami, a 1959 kuma aka sa shi cikin na ƙwallon kwando. Da ya cika shekara 100 a 1962 aka yi bukukuwa a garuruwa da yawa na ƙasar.

Stella ta rasu cikin Yuli 1964. Shi kuwa bai cika shekara bayanta ba, ya rasu a Stockton ran 17 ga Maris 1965. An sa wa makarantu sunansa a Stockton da wajen Shikago, aka kuma sa shi ga wasan ƙarshe na gasar ƙananan kwalejoji, waɗanda ba sa ba ɗalibi tallafin karatu don wasa. A cikin dukan abin da aka yi don tunawa da shi, wannan ya fi kusa da abin da ya tsaya a kai tun ran da ya ƙi tayin 'yan besbol yana ɗalibi a Yale. Iyakar labarin Amos Alonzo Stagg ke nan.